Mu Ƙera Injin Zarto Da Kanmu, Amma Kada Arha Ta Ci Mana Yatsu



Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a sana'ar kafinta a nan Legas ya san wahalar da ake sha kafin katako ya zama kujera. Yaro zai ɗauki falanki ya hau keke ko ya yi hayar a-kori-kura zuwa wurin masu inji, ya bi layi, ya biya kuɗin kowane yanka, ya dawo da yamma rana ta tafi. Idan aka yi kuskure a awo, gobe a sake komawa. Ribar da ya kamata ta zauna a aljihun mai aiki tana ƙarewa a kuɗin mota da kuɗin yanka.

Injin da zai rage wannan wahala shi ne zarton nan mai kama da ɗamara, wanda ke zagaye wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Shi ke fitar da lanƙwasar ƙafar kujera da adon kan gado, kuma yana tsaga katako mai kauri ba tare da ya mayar da mai yawa gari ba, domin bakinsa siriri ne. Matsalar ita ce kuɗinsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigo da shi daga waje ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a, har na hannu ma.

Ra'ayinmu shi ne mu ƙera shi da kanmu, kuma ƙungiya ta shiga cikin lamarin. Amma akwai sharaɗi, kuma saboda sharaɗin muka yi wannan rubutu.

Da farko mu cire tsoron cewa abin na masu digiri ne. Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar fasahar tun 1809, amma ta kasa karɓuwa saboda mahaɗin zarton yana yawan tsinkewa. Sai a 1846 wata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta samo hanyar haɗa bakin biyu ya riƙe. Daga nan injin ya bazu. A zamaninmu akwai wani mutumin Kanada, Matthias Wandel, da ya yi suna a YouTube wajen ƙera irin wannan inji da katako, har wilin ma na katako ne, kuma yana aiki da su shekara da shekaru. Idan katako ya iya, to ƙarfen da mai waldarmu ke haɗa ƙofa da shi zai iya.

Kayan kuma suna hannunmu. Su wane ne ke sana'ar gwangwan a garin nan? Yawanci 'yan uwanmu ne. Tsohon moto na injin wanki ko na masana'anta, faif mai kusurwa huɗu, sandar ƙarfe, duk suna ratsa hannunsu kafin su tafi narkewa. Abin da ba a samu ba, akwai shi a Owode Onirin ko Ladipo. Waɗanda suka taɓa zama Kaduna sun san abin da 'yan Panteka ke fitarwa daga tarkace. Ba mu rasa hannu ba, tsari muka rasa. Sai dai a saya wurin dilan da aka sani, kada a kawo mana kayan da ba a san asalinsu ba a jawo wa al'umma baƙin jini.

Ga yadda lissafin yake, don kada a ce surutu kawai muke yi.

A ɗauki wili mai faɗin inci 14, wanda shi ne ya fi dacewa da ƙaramin shago. Kewayensa ya ɗan haura mita ɗaya kaɗan. Zarton yankan katako yana son gudun kusan mita 900 a minti ɗaya, wato wilin ya juya sau 800 ko sama da haka kaɗan. Moton da aka fi samu a ƙasar nan iri biyu ne: mai juyawa kusan sau 1,450 a minti, da mai kusan 2,850 irin na injin jan ruwa. Ku nemi na farkon, mai ƙarfin doki ɗaya. A sa masa fuli mai inci 3, a sa mai inci 5 a sandar wilin ƙasa, a haɗa da fambel. Wannan zai ba da juyi 870, ya yi daidai. Wanda ya haɗa moton 2,850 kai tsaye da wili ya ninka gudun da ake so fiye da sau uku, kuma abin da ya ƙera ya tashi daga inji ya koma makami. Haka nan wannan gudun na katako ne. Ƙarfe yana son gudu ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan, don haka kada wani ya ce zai yanka rodi da shi.

Wilin za a iya yinsa da filawud mai kauri a manna biyu ko uku. Abu biyu ne ba a wasa da su. Dole ya zama da'ira sosai, nauyinsa ya daidaita ta kowane gefe, in ba haka ba injin zai riƙa rawa har noti ya kwance. Sannan bayansa ya ɗan yi tudu a tsakiya, domin wannan tudun ne ke riƙe zarton kada ya zame. A lulluɓe shi da robar cikin tayar babur ko keke, haƙoran zarto su samu wurin kwanciya. Wilin sama dole ya iya hawa da sauka don ɗaure zarto, ya kuma iya ɗan karkata don saita shi. A sama da ƙasan tebur a sa ƙananan boris a gefe biyu na zarton, da ɗaya a bayansa wanda zai tare shi idan an turo katako. Gangar jikin kuwa ta yi ƙarfi yadda ba za ta lanƙwashe ba idan an ɗaure. Injin da jikinsa ke ba da kai ba zai taɓa yanka miƙe ba.

Yanzu ga sharaɗin.

Akwai abubuwa huɗu da ba a neman arha a kansu: zarton kansa, boris ɗin wili, makunni, da murfi. A sayi zarto sabo mai kyakkyawan mahaɗi, kuma kaurinsa ya dace da wilin, domin zarto mai kauri a kan ƙaramin wili yana gajiya da lanƙwasa ya tsinke. Makunni ya zama babba, a inda hannu ko gwiwa za su kai gare shi ba tare da lalube ba, ba waya biyu da ake haɗawa da hannu ba. A ja wayar kariya daga jikin injin zuwa ƙasa. Wili biyun da fambel da duk tsawon zarton a rufe su, ban da ɗan wurin da ke yanka.

Mun san abin da ke faruwa. Idan inji ya fara juyawa, murna takan sa a ce murfi sai an samu kuɗi, daga nan kuma shi ke nan. Mun taɓa zuwa dubiya wurin wani yaro ɗan koyo, bai kai shekara ashirin ba, da yatsu biyu a naɗe. Injin maigidansa na gida ne, yana aiki lafiya, murfi ne kawai babu. Kuɗin asibitin ya ninka kuɗin murfin, yatsun kuma ba su dawo ba. Ku tuna irin wannan injin ne ake yanka ƙashin saniya da daskararren kifi da shi. Ba ya ƙara kamar zarto mai faifai, ba ya cika harbo katako, shi ya sa mutum ke sakankancewa.

Don haka ƙa'idojin aiki su ma a rubuta su a manna a bango. Ba a aiki da hannun riga mai faɗi ko safar hannu. Idan an kusa ƙarshen yanka, a tura da ɗan sanda. A sauko da abin riƙe zarto kusa da saman katako, kada a bar tsawo a buɗe. Gungume mai zagaye ba a sa shi haka nan, domin zai mirgina ya fizgi hannu. A sa gilashin ido da takunkumi, musamman idan iroko ake yanka, don ƙurarsa tana kama ƙirji da fata.

Akwai masu cewa arha ba ta ado, gara a tara kuɗi a sayi na kamfani ko da na hannu ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ke da manyan kwangiloli, yana tsaga katako daga safe zuwa dare, ya sayi na kamfani. Mahauta ma ba mu ba su shawarar wannan ba, domin injin nama yana son ƙarfen da ba ya tsatsa kuma ana wanke shi kullum. Amma mai ƙaramin shago da ke yin benci da kantar littattafai, in aka ce ya jira sai ya tara, zai tsufa a layin masu inji. Kuma injin da ka ƙera ka san ciwonsa. Boris ya mutu ka san lambarsa, moto ya ƙone ga masu naɗin kwayil a bakin titi.

Akwai kuma maganar wuta, kuma a yi lissafinta tun kafin a sayi ko noti. Doki ɗaya wat 746 ne, amma a lokacin tashi moto yana jan ninkin wannan sau da yawa. Ƙaramin janareton nan na kallon talabijin ba zai tayar da shi ba, sai dai ya ƙone ɗayansu.

Ga abin da muke roƙon shugabanni da mambobi. A haɗa mutum uku daga cikinmu, mai walda, mai gyaran wuta, da dattijon kafinta, su ƙera inji ɗaya na gwaji da kuɗin gidauniya. A ajiye shi a shagon da aka amince da shi ya yi wata uku yana aiki, a gyara abin da ya nuna. Bayan nan a rubuta awonsa da jerin kayansa da Hausa, a raba kyauta. Duk wanda zai ci bashin adashi ko tallafi don ƙera nasa, kada a ba shi kason ƙarshe sai mutanen nan uku sun je sun ga murfi da makunni da idonsu. Kuma kada maigida ya sa yaro a kan injin sai ya tsaya a kansa ya koya masa.

Iyayen yaran nan da ke gida sun ba mu amanarsu ne don su koyi sana'a su koma da ita, da yatsunsu goma cif. Masu walda da kafintocin da ke shirye su ba da lokacinsu su sanar da sakatare kafin taron wata mai zuwa, a sa maganar cikin ajanda.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mu da hatsarin sana'a.