Zagi ba ya gina fili

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, duk fadar da ka zauna ana zagin baƙaƙen fatar da ke buga wa Faransa balo, wai sun saida gida. To ku saurara. Tun 1931 Raoul Diagne, ɗan Blaise Diagne na Senegal, ya zama baƙar fata na farko da ya sa rigar Faransa. Dogo ne, mai tsaron baya, in ta kama har gida yake tsarewa. Wasa 18 ya buga musu, sannan ya tafi ƙasar ubansa ya horar da ƙungiyar Senegal.

Mu fa, me muka tsinana? Yaranmu na buga balo ba takalmi, cikin tsakuwa. Mu bar zagi, mu tambayi magadan garinmu: ina filin yara?