Akori-kura: Rikicin Kasuwar Amurka Da Abin Da Ya Shafe Mu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan da sassafe, ya san matsayin akori-kura. Ita ke kwashe tumatir da albasa daga bakin tirela ta kai su lungunan gari. Saboda haka abin da ke faruwa a ƙasashen da ake ƙera motocin nan ya shafi direba da ɗan kasuwa, ko da ba su taɓa jin sunan Ditiroyit ba.

A Amurka babu motar da ta kai akori-kurar kamfanin Ford, wadda ake kira F-Series, ciniki. Tun shekarar 1977 take gaba da duk takwarorinta. A 2019 an sayar da kusan 900,000, amma a 2022 abin ya faɗo zuwa wajen 650,000. Masu saye na nan da kuɗinsu a hannu, motocin ne suka yi wuyar samu.

Dalili kuwa shi ne ƙarancin wasu 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sakawa a ƙwaƙwalwar mota, waɗanda yawancinsu a Asiya ake yin su, musamman Taiwan da Koriya ta Kudu. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, kamfanonin mota suka janye odarsu don tsoron kasuwa za ta mutu. Masu yin waya da kwamfuta suka maye gurbinsu. Da ciniki ya farfaɗo, sai masu mota suka tarar an riga su layi. A 2021 Ford ya jibge dubban akori-kura a wani filin tseren motoci a jihar Kentaki, an gama komai nasu, ana jiran abin da bai fi farcen yatsa girma ba. Shi ma Toyota, mai Hilux, ya rage aikinsa da kashi 40 cikin 100 a watan Satumba na wannan shekara.

Ana cikin haka ne Ford ya fito da akori-kura mai aiki da batir, F-150 Lightning, a watan Mayun 2021. Mutane wajen 200,000 suka rubuta suna, aka ɗauka kwanan fetur ya ƙare. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Farashin da aka fara faɗa, kimanin dala 40,000, bai daɗe ba ya yi sama. Waɗanda suka saya don aiki kuma suka lura cewa in aka ɗaura mata kaya mai nauyi ta ja, nisan da take ci kafin batir ya ƙare kan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka. A 2024 wajen 33,000 kaɗai aka sayar, alhali jimillar F-Series ta wuce 760,000. A ƙarshen Satumba 2025 gwamnatin Amurka ta soke rangwamen harajin dala 7,500 da take yi wa masu sayen motar lantarki. A Disamba sai Ford ya ba da sanarwar daina ƙera wannan samfuri, ya kuma ce sauya shirin nasa zai ci masa dala biliyan 19 da rabi. Wadda za ta gaje ta za ta zo da batir haɗe da injin fetur mai yi masa caji.

To, ina ruwan ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabo da wannan? Ruwansa biyu ne. Na farko, yawancin tokunbo da ake saukewa a Tin Can da Kwatano sun yi shekaru a hannun wani kafin su iso. Motar da ba a ƙera a 2021 da 2022 ba, ba za ta zama tokunbo nan gaba ba. Sababbin motocin da aka sayar a Amurka sun sauko daga miliyan 17 a 2019 zuwa ƙasa da miliyan 14 a 2022. Wannan giɓi zai biyo jirgin ruwa, ya haɗu da faɗuwar naira da kuɗin kwastan. Mai jiran farashi ya koma na da, zai daɗe yana jira.

Na biyu, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, maganar motar lantarki ta fara shiga kunnen mutane, kuma ba maganar banza ba ce. Ga mai zirga-zirga cikin gari da kaya mara nauyi, wanda ke da inda zai yi caji da dare, tana iya rage masa kashe kuɗi. Amma wanda ke ɗaukar buhuna daga Legas zuwa Ilori ko Kano, sai ya tambayi kansa inda zai samu wuta a hanya, da bakaniken da ya san kanta, da kuɗin sabon batir in tsohon ya mutu. Ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ma ta ja da baya a kan motar kaya.

Don haka wanda ke da akori-kura mai lafiya ya riƙe ta da kyau, ya kula da juye da kayan gyara na ƙwarai. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan gwari kuma ya kamata su fara tattara bayani a kan motocin gas da masu haɗa batir da fetur, don kada dillalai su yi wa mambobinsu sakiyar da ba ruwa.