Keken Da Na Jingine Shekara Goma Sha Biyu

Ranar da likita ya auna jinina, ya sake aunawa, sannan ya tambaye ni yaushe rabon da in yi gumin da ba na zafin rana ba, shiru na yi. Shekaruna arba'in da uku, 'ya'yana huɗu, ina ofis daga takwas zuwa huɗu, bayan la'asar in leƙa shagon da muka haɗa da ƙanena. Daga kujera sai a-daidaita-sahu, daga a-daidaita-sahu sai tabarma. Da daren nan na daɗe ina kallon autana yana barci, ina lissafin shekarun da zai yi kafin ya tsaya da ƙafarsa, ina tambayar kaina ko jikin nan zai kai ni can.

Washegari na janyo tsohon kekena daga bayan buhunan gawayi. Mai gyara ya canja tayoyi da robar birki, ya wanke sarƙar da kananzir, ya zuba mata mai. Fitar farko, bayan sallar asuba, minti goma sha biyar na yi na dawo cinyoyina suna rawa. Sati uku na yi ina zagaya unguwa kafin na yarda zan iya kai kaina wurin aiki. Duk wanda ya daɗe bai hau ba, kada ya auna kansa da saurayin da yake a da. A fara da tafiyar da mutum zai iya magana yana cikinta, wanda kuma yake jin ciwon ƙirji ko jiri ya ga likita tukuna.

Iyaye masu aiki kan ce ba su da lokaci, kuma da gaskiyarsu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce babba ya samu a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Rabin awar nan ina kashe ta kullum a cunkoson hanyar Kabuga, a zaune, ina shaƙar hayaƙi, kuma in biya kuɗi. Da na mayar da tafiyar aiki kan keke kwana uku a mako, ban ƙwace wa iyalina ko minti ɗaya ba.

Abin da ya fi cinyoyi ciwo shi ne idon mutane. Maƙwabci ya tare ni: "Malam, lafiya dai ko? Allah ya kawo sauƙi." Wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce idan rance nake so kada in ji nauyi. Da kyakkyawar niyya suka yi, amma maganarsu ta nuna inda muka ajiye keke a zukatanmu: abin hawan wanda duniya ta juya wa baya. Ba haka iyayenmu suka ɗauke shi ba. A zamaninsu malamin makaranta da malamin asibiti a kan Raleigh suke zuwa aiki, an goge shi yana ƙyalli, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Babur ya zo, mota ta zo, sai muka fara jin kunyar abin da ya riƙe mutuncin gidajenmu. A 2001, da ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya riƙa hawa keke a Abuja yana kiran jama'a su yi koyi, dariya aka yi masa, har da ranar da mota ta ture shi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 magidanta da yawa sun koma keke, amma wasunsu a lungu suke ɓoye shi kafin su shiga ofis.

Wannan kunya ita nake ƙi. Mutum ba ya jin kunyar tumbi ya hana shi sunkuyawa ya ɗaure wa ɗansa takalmi, ba ya jin kunyar haki idan ya hau bene hawa ɗaya, amma yana jin kunyar a gan shi yana taka feda. Jiki amana ne, kuma jikin uba ba nasa ba ne shi kaɗai. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yana ɗan hamsin, matarsa ce za ta yi jinya, 'yarsa ce za a cire daga makaranta.

Ban ce hanyar babu haɗari ba. Titunanmu ba su ware wa mai keke ko taku ɗaya ba, an gina gadojin sama ba a tuna da shi ba, mai tifa kuwa bai san da zamansa ba. Shi ya sa nake bin hanyoyin cikin unguwa ko da sun fi nisa, na sa fitila gaba da baya, na sayi hular kwano. Lokacin hunturu ina rufe hanci, a zafin Afrilu kuma sammako nake yi da gorar ruwa da rigar canji a kariya.

Akwai kuma wadda muke mantawa. Matata malamar firamare ce, ta fi ni gajiya, kuma a garinmu mace babba ba ta hawa keke hankali kwance, ko da yake a Wagadugu uwa da goyonta kan keke ba abin kallo ba ne. Da na ga ni kaɗai nake gyara lafiyata ita tana fama da tukunya da yara, sai muka raba. Asabar da Lahadi da safe ni ke riƙe yaran, in dafa musu shayi, ita da maƙwabciyarta su yi tattaki na awa guda. Idan ta dawo, babban ɗanmu ya fito da ƙaramin kekensa, mu nufi bayan gari, shi a gaba ni a baya ina gaya masa inda zai kama birki.