Gemu Ba Ya Hana Ilmi, Amma Ina Matakala?

A Agege da Idi-Araba, a Sabon Badun da Shagamu, har Fatakwal da Anacha, akwai magidanta 'yan Arewa da yawa waɗanda suka taɓa zama a ajin sakandare, sa'an nan talauci ko rasuwar mahaifi ko aure ya raba su da littafi. Wani yana awon tumatir a kasuwar Mile 12, wani yana gadi, wani yana tuƙin babbar mota. Da yawansu har yanzu suna da marmarin jami'a. Sai dai mutumin da ya shekara goma sha biyar bai rubuta shafi guda ba, in aka ce ya faɗa jami'a kai tsaye, an ɗora masa kayan da ba a taya shi ɗauka ba. Abin da yake bukata shi ne karatun share fage, wanda aka tsara daidai da halin babban mutum.

Basira ba ta tsufa, sabo ne yake gushewa. Mai komawa karatu bayan dogon lokaci ya manta yadda ake zama da littafi har a kai ƙarshensa, da yadda ake tsamo hujja daga ciki, da yadda ake jera magana a rubuce ta tsaya da ƙafarta. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da darussan harshe da adabi da tarihi da sha'anin mulki suke koyarwa. Don haka ne Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wadda aka kafa a 1969 ta kuma fara ɗaukar ɗalibai a 1971, ba ta tambayar takardar shaida a yawancin darussanta na digirin farko, amma ta tanadi karatun share fage a fannin adabi da harsuna domin wanda ya daɗe da barin aji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Tun 1949 Kwalejin Jami'a ta Badun ta buɗe sashen koyar da manya a wajen harabarta, malamai suna bin garuruwa suna karantar da akawuna da malaman makaranta da yamma. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kafa makarantar share fage domin 'yan Arewa su sami hanyar shiga, daga bisani ta fito da jarrabawar IJMB. Wasu jami'o'i, bisa jagorancin Jami'ar Legas, suka kafa tasu mai suna JUPEB a 2014. A dukkansu biyu ɗalibi yakan ɗauki darussa uku, in ya ci ya nemi shiga aji na biyu a jami'a. Ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo na farar hula.

To, ina gizo yake saƙar? Yawancin azuzuwan share fagen nan an yi su ne domin yaron da ya fito daga sakandare jiya, wanda iyayensa ke ciyar da shi, yake da safiya da rana duka a hannunsa. Magidanci mai iyali a gida, wanda abincinsa yake a kasuwa daga asuba zuwa la'asar, ba zai rufe rumfa shekara guda ba. Bugu da ƙari, ana bukatar kyakkyawan sakamako a darussa biyar na sakandare, har da Turanci, alhali a nan ne da yawa suka yi tuntuɓe tun farko.

Akwai masu cewa babban mutum in zai yi karatu ya nemi sana'a ko kimiyya, wai adabi da tarihi ba su kawo abinci. Ita kanta manufar ilmi ta ƙasa ta fifita kimiyya, ta ba ta kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a. Ba wanda ya raina kimiyya. Amma a duba zaman baƙo a Kurmi. Ran da rigimar fili ta tashi, ko aka ce za a tashi kasuwa, ko aka kama yaro ba laifi, wa ake nema? Lauya ake nema, da mai rubuta takardar koke, da tafinta, da ɗan jarida. Mai son karatun lauya kuwa sai ya ci adabin Turanci. Jama'ar da ba ta da masu alƙalami daga cikinta, kullum wani ne zai faɗi labarinta, kuma yadda ya ga dama zai faɗe shi.

Maganin ba mai nisa ba ne. Ya kamata jami'o'in da ke biranen nan su buɗe azuzuwan share fage na dare da na ƙarshen mako, a shimfiɗa karatun shekara guda ya zama na shekara biyu, a kuma fara da gyaran Turanci da koyon rubuta insha'i kafin a kai ga jarrabawa. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su ma suna da nasu rabon. Makarantun Islamiyya na unguwanni suna zama a rufe bayan lisha, ga ɗakuna ga allo. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin kai gawa gida, ba za ta kasa biyan malami biyu da sayen littattafai ba.

Shi kuma mai niyya kada ya jira sai an buɗe masa aji. Ya nemo sakamakonsa na dā ya ga abin da ya rage, ya yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ya ware sa'a guda kowane dare domin karatu da rubutu. Kunyar zama da sa'o'in 'ya'yansa ta 'yan makonni ce. Dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba kuwa, yana iya jawo masa asarar da zai daɗe yana cizon yatsa a kanta.