Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tukuba na Isa da Sabon Birni

Sarkin Fawa da sauran rundawa, masu tsire da balangu da kilishi. 

Masu hali in sun dawo daga Landan ko Dubai sukan nuna hoton wani faffaɗan faranti da 'yar loma guda a tsakiya, su ce sun ci abinci a gida "mai tauraro". Wasunku su yi dariya, wasu kuma su ji sana'arsu ta ƙanƙance. Ni ina ganin daga mai dariyar har mai jin kunyar ba su duba abin da ake aunawa ba. Tauraron nan kamfanin tayar mota na Faransa, Michelin, ke bayar da shi. A 1900 ya fara buga littafin jagora don masu mota su yawaita tafiya, taya ta cinye su sayi sabuwa, a 1926 kuma ya fara sa wa gidajen abinci tauraro. Masu bincikensa ba sa bayyana kansu: su ci, su biya, su sake komowa. Suna duba kyawun kayan haɗi, da gwanintar hannu, da yadda ɗanɗano ya zauna, da kuma ko abin da aka ci yau shi za a tarar gobe. Kujera da labule ba sa cikin lissafin. Shi ya sa a 2016 Chan Hon Meng, mai sayar da kaza da shinkafa a rumfar kasuwa a Singafo, ya samu tauraro, a 2024 kuma wani ɗan shagon gashin nama a birnin Meziko, El Califa de León, inda a tsaye ake ci, ya samu nasa. Chan ya buɗe rassa ko'ina, a 2021 aka janye tauraron.

Ma'aunin ƙarshen nan, na rashin sauyawa, a nan ne tukubarmu ke da rauni. Hannu kam kuna da shi. Wanda ya taɓa ganin mai kilishi yana fere tsoka har hasken rana na ratsa ta, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa kafin ta ga wuta, ba zai yi gardama ba. Amma mai saye ba shi da tabbas. Yau yaji ya ji kimba da masoro da citta, gobe ƙuli-ƙuli ne zalla da ɗanɗanon magi. Yau naman safe ne, gobe kwantai ne aka shafa wa mai aka ɗumama a gefen wuta, aka naɗe a takardar buhun siminti. Wani ya zuba jar kala a labu don kilishi ya ɗauki ido, alhali Bagobiri da harshe yake sayen nama.

Na san amsar da za ku ba ni, kuma tana da nauyi. 'Yan bindiga sun kore garke, hanyar Shinkafi da ta Sakkwato ba kullum ake bin su da kwanciyar rai ba, dabba ta yi tsada, mai saye kuma ƙauyensa ya tashi, ɗari biyar ce a hannunsa. Duk gaskiya ne. To amma tsadar sa ba ta hana rufe nama daga ƙuda, ba ta hana a gaya wa mutum "na jiya ne, ga ragi". In kuɗi ya gaza, a rage yawan tsinke, a bar yaji yadda yake. Wanda ɗari biyar ɗin ce iyakarsa shi ya fi kowa cancantar kada a cuce shi.

Wasu kuma za su ce Michelin ba ta zuwa Nijeriya, harshen Bature ne, ina ruwanmu. Ba na ce ku kwaikwayi gidajen ba. Gidan abincin Noma na Kofanhegan, wanda ya sha zama na ɗaya a duniya, mai shi René Redzepi da kansa ya faɗa a 2023 cewa irin wannan tsarin ba mai ɗorewa ba ne. Sai dai ku lura da abin da ke shiga farantin. Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta samu tauraro a 2024 a gidanta Chishuru da ke Landan, kuma sinasir na cikin abin da ta yi suna da shi. Kayanmu ne ake ci can da tsada, bambancin kawai an auna, an rubuta, an tsaya a kai.

Ba ma sai an je Ingila ba. Maƙwabtanku na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista da sunan ƙasarsu, da sharuɗɗan yadda ake yi, ga Madawa nan sunanta kaɗai na sayar da kilishi. Jar akuya da shanun da suke yankawa irin naku ne. Sarkin Fawa na da ikon tara ku a tsayar da ƙa'ida: ba kala, ba takardar siminti, kwantai a faɗe shi da sunansa, wanda ya karya kuma a ɗauke masa tukuba na mako guda.