Ɗan sanda ba sanda ce ta haife shi ba



Akwai wata magana da ta zama kamar waƙa a bakin matasanmu, musamman in gardama ta kaure tsakaninsu da abokan makaranta 'yan Katolika. Wai mu muna ɗaukar Littafi Mai Tsarki yadda aka rubuta shi, harafi da harafi, su kuwa sun mai da kome alama da misali. Maganar tana da daɗin faɗa, har akan tafa wa mai faɗarta. Amma ba gaskiya ba ce, kuma ƙaryar da aka yi domin kare bishara sunanta ƙarya.

Mu fara da Jibin Ubangiji. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki gurasa ya ce jikinsa ne, ya ɗauki ƙoƙo ya ce jininsa ne. To, wa ya ɗauki wannan harafi da harafi? 'Yan Katolika. Majalisarsu ta Trent a 1551 ta tsayar cewa gurasar da ruwan inabin suna juyewa su zama ainihin jikin Almasihu da jininsa. Mu ne muke cewa alama ce da abin tunawa. A 1529, a garin Marburg na Jamus, Martin Luther da Zwingli sun zauna kan wannan batu suka tashi baram-baram: Luther ya kafe a kan kalmomin yadda suke, Zwingli ya riƙe Yohanna 6:63 ya ce ma'anar ta ruhu ce. Ni ina tare da Zwingli, domin bakin da ya ce gurasa jikinsa ce shi ne ya ce shi ƙofa ne, shi ne kuma kurangar inabi, ba wanda ya taɓa neman sakata a jikinsa. Amma ku lura, fassara na yi. Na auna wannan aya da wancan, na yanke. Haka wanke ƙafafu na Yohanna 13: kowace Alhamis kafin Ista fada yakan durƙusa ya wanke ƙafafun mutane da ruwa na gaske. Yawancin majami'unmu mun ce darasin tawali'u ne kawai, muka wuce.

Abin da cocin Katolika ke koyarwa a rubuce yake. Katekisim ɗinsu na 1992, sakin layi na 115 zuwa 119, ya ce nassi yana da ma'ana iri biyu: ta zahiri, wato abin da kalmomin marubucin suke nufi, da ta ruhu. Ta ruhun ta kasu uku: yadda abin yake nuna Almasihu, abin da yake koya mana game da hali, da abin da yake nunawa game da madawwamin gida. Ya kuma bi Toma Akwinas a kan cewa duk sauran ma'anoni a bisa ta zahiri suke tsaye. Paparoma Pius na 12 a 1943 ya umarci malamansu su koma Ibrananci da Helenanci, su lura da irin rubutun da ke gabansu, ko tarihi ne, ko waƙa, ko annabci.

Ina da ja da su, ba kaɗan ba. Tun zamanin Orijin na Iskandariya akwai son tono ɓoyayyar ma'ana a ƙarƙashin kowane dutse. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ɗauki misalin Basamariye mai kirki ya ce mutumin da aka yi wa fashi Adamu ne, masauƙin ikilisiya ce, mai masauƙin kuma manzo Bulus. Gwaninta ce, amma Yesu tambaya ɗaya yake amsawa: wane ne maƙwabcina? In ka cika labarin da alamomi, mutumin da ke kwance a bakin hanyar Rurum sai ya ɓace maka. Haka ban yarda a gina koyarwa mai nauyi game da Maryamu a kan macen Ru'ya ta Yohanna 12 ba. Wannan ita ce gardamar da ta cancanci a yi, da littafi a buɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne ke tsoron misali. Mu da muke cin kasuwa, mu sha iska, mu ce ruwa ya ci mutum. Kuma kun san tambayar da maƙwabtanmu Musulmi ke yi mana a kasuwa da makaranta: in Yesu Ɗan Allah ne, ashe Allah ya yi aure? Me kuke amsawa? Kukan ce a'a, ba haihuwa irin ta jiki ba ce, ɗan sanda ma ba sanda ce ta haife shi ba. Amsar tana kan hanya, ko da yake ba ta ƙare a nan ba, domin zamansa Ɗa gaskiya ce tun fil'azal, ba laƙabi ba. Amma wanda ya ba da wannan amsa ranar kasuwa, ta yaya zai tashi ranar Lahadi ya ce shi ba ya fassara?

Ku buɗe bisharar Yohanna ku ga waɗanda suka ɗauki maganar Yesu harafi da harafi. Nikodimu ya tambaya ko mutum zai sake shiga cikin uwarsa. Yahudawa sun ƙirga shekara 46 na ginin Haikali alhali jikinsa yake nufi. Almajirai sun ji Li'azaru yana barci suka ce ai zai warke. Dukansu sun kuskure. Bulus kansa a Galatiyawa 4 ya kira labarin Hajaratu da Saratu misali na alkawari biyu. Shaiɗan kuwa shi ne ya jawo Zabura 91 yadda take a rubuce, ya ce wa Yesu ya dira daga kan Haikali.

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai, rai yana ciki. A Fabrairun 2014 wani fasto a jihar Kentaki ta Amurka, Jamie Coots, ya ɗauki maciji a cikin sujada saboda Markus 16:18. Macijin ya sare shi, ya ƙi magani, ya mutu a daren. Mu manoma ne. Damina da kaka, kububuwa da kumurci suna cikin gonakinmu. In maciji ya sari ɗan'uwa, ku ɗauke shi zuwa asibiti kuna addu'a a hanya. Bulus a Malita itacen wuta yake tarawa maciji ya kama hannunsa, bai je nemansa ba. Duk mai wa'azin da ya ce muku shan magani rashin bangaskiya ne, ku tambaye shi dalilin da idonsa na dama yake nan daram, bayan Matiyu 5:29.

Haka yaran da muke turawa Jami'ar Bayero. An koya musu cewa in kalma ɗaya ta zama misali, littafin duka ya rushe. Malami ya yi lacca ɗaya a kan shekarun duwatsu, yaro ya dawo hutu ya daina zuwa sujada. Agustin ɗin nan ya yi kashedi tun ƙarni na 5 cewa abin kunya ne Kirista ya riƙa faɗin shirme game da sama da ƙasa da sunan nassi a gaban wanda ya san abin, domin zai sa a raina littafin har a inda yake maganar tashin matattu.

Tashin matattu kuwa ba misali ba ne. Luka 24 ya nuna Yesu yana miƙa hannuwa da ƙafafu a taɓa, yana cin gasasshen kifi. Bulus a 1 Korintiyawa 15 ya ce in bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce. A nan mu da 'yan Katolika bakinmu ɗaya. Ƙaunar maƙiyi ta Matiyu 5:44 ita ma ba misali ba ce, ko da yake ita ce muka fi saurin nema wa fassara.

A taron zumunta mai zuwa kowa ya zo da Littafinsa, ya karanta Yohanna 6 daga aya 25 zuwa ƙarshe tun daga gida. Wanda yake da aboki ɗan Katolika ya gayyato shi, a ba shi kujera a gaba, a bar shi ya gama maganarsa.