Alhaji, Kafin Ka Biya Kuɗin Manhajar Nan, Tambaye Ta Ina Guntun Dutsenka

 A wannan makon za mu leƙa wata sana'a da ba kasafai ake kawo zancenta nan ba, wato ta masu yanka mabul da giranait suna shimfiɗa wa kantar kicin. Duk mai shiga sababbin gidaje a Abuja, Kano ko Kaduna ya san dutsen nan ya zama ruwan dare, har amarya kan tambayi launinsa kafin ta tambayi launin labule. Kuɗi ya shigo sana'ar, kuma inda kuɗi ya shiga 'yan talla na biye. Yau ga samari da kwamfuta a jaka suna zaga shaguna, suna tallar manhajar da wai za ta riƙe wa maigida lissafi, ta hana yara sata, ta buga rasit mai tambari.

Ba mu da faɗa da manhaja. Faɗanmu da yadda ake zaɓenta ne. A ofis ake zaɓenta, ƙarƙashin fanka, ana kallon zane masu launi a allo, alhali asarar shagon dutse a fili take faruwa, can inda ruwa da ƙura suke. Ga matsayinmu tun da wuri: duk manhajar da ba ta iya bin fallen dutse ɗaya tun daga ranar da aka sauke shi daga mota har guntunsa na ƙarshe, bai kamata mai shago ya biya mata ko sisin kwabo ba.

Bari mu ɗauki tef mu auna. Fallen giranait yakan kai kusan mita 3 a tsawo, faɗinsa wajen mita 1.8, kaurinsa santimita 2 ko 3. Mai kaurin santimita 3 ya haura kilo 400, shi ya sa ba a jan sa kullum don a duba abin da ke bayansa. Kantar kicin kuma faɗinta wajen santimita 60 ne. A takarda, 180 ya kasu gida 3 daidai. A kan injin yanka ba haka abin yake ba, domin bakin fallen ba ya zuwa a miƙe sai an datse shi, zarton ma yana cin nasa milimitoci a kowane yanka. Sai a fitar da dogayen yanki 2 cikakku, na ukun ya gaza 60. Wannan na ukun ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin fallen, kuma zai yi bakin taga, zai yi fuskar matakalar bene, zai yi kantar banɗaki. To manhajar da aka gina don kantin kayan masarufi me za ta rubuta? Falle 1 ya fita, saura 0. A wurinta dutse da katan ɗin taliya duk ɗaya ne. Guntun kuwa yana can jingine a bayan shago, babu lamba, babu awo, har ranar da zai fashe ko ya yi ƙafa. Bayan wata biyu wani ya zo neman kantar banɗaki, a fasa masa sabon falle. Haka riba ke tsiyaya, maigida na kallon allo yana ganin komai kore shar.

Abu na biyu, dutse ba ya maimaita kansa. Falle biyu masu suna ɗaya da aka kawo daga Indiya ko Barazil, in ba daga curi ɗaya aka yanko su ba, launi da jijiyarsu kan bambanta. Hajiya ta zo ta ɗora hannu a kan wanda ya yi mata, ta ba da kafin alƙalami ta tafi. In manhaja sunan dutsen kawai ta sani, ba ta da lambar wannan fallen da hotonsa da sunan wadda ta kama shi, to za a yanka wa wani shi kafin kafinta ya gama haɗa mata kabad. Ranar ɗorawa ta ce ba wannan ta zaɓa ba, kuma gaskiyarta.

Abu na uku shi ne awo, kuma nan ne zalunci ke shigowa. Yaro ya je gida ya auna, ya turo adadi ta saƙon murya a WhatsApp. Bayan kwana uku mai gidan ya sauya sinki, ya gaya wa kafinta, kafinta ya gaya wa direba, direba ya manta. Tela in ya yi kuskure yana farke ɗinki ya sake. Dutse in an huda shi, an huda ke nan. Wa ake cire wa kuɗi a ƙarshen wata? Yaron da ya riƙe inji, wanda ya yanka daidai abin da aka ba shi. Manhajar da ta cancanci shagon dutse dole ta nuna wa ya auna, a wace rana, wa ya sauya awon, kuma wa ya sa hannu kafin zarto ya sauka. Ana tallar ta da cewa za ta kama yaro ɓarawo. Muna so a tambaya ko za ta wanke yaron da bai yi laifi ba.

Kuskuren awo kuma ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba. In kanta ta ƙi shiga gurbinta, a nan cikin kicin ɗin mutane ake gyara ta da injin yankan hannu, sau da yawa ba ruwa, ba abin rufe hanci na kirki. Ƙurar nan tana ɗauke da silika, kuma ita ke jawo cutar huhu da ake kira silikosis, wadda ba ta da maganin warkewa. Dutsen haɗi da ake kira kwats yakan ƙunshi silika sama da kashi 90 cikin 100. Giranait ma yana da nasa kason, ko da yake bai kai haka ba. Abin ya yi ƙamari a Ostireliya har ƙasar ta haramta dutsen haɗin nan daga 1 ga Yulin 2024, bayan da aka yi ta samun matasan ma'aikata da huhunsu ya lalace. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk awon da aka tabbatar kafin yanka, yankan busasshe ɗaya ne aka rage wa ƙirjin wani ɗan uwanmu. Don haka in mun ce a zaɓi manhaja saboda awo, maganar lafiya muke yi.

Za a ce mana, ai akwai waɗanda aka gina don sana'ar, a sayo su mana. Gaskiya ne akwai. A Amurka kamfanin Moraware yana da CounterGo na zana kanta da fitar da farashi, da Systemize na tsara ranakun awo, yanka da ɗorawa. Slabsmith kuma hoton falle yake ɗauka, a jera yankunan kanta a kan hoton tun kafin a taɓa dutse, a ga inda jijiya za ta haɗu da abin da zai ragu. Waɗannan sun san guntu. Sai dai a jikin shagon Amurka aka ɗinka su, inda ake lissafi da inci da ƙafa, wuta da intanet ba abin fargaba ba ne, kuɗi kuma dala ce. Mu tuna cewa kafin tsakiyar Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ɗaura wa shagonsa biyan wata-wata da dala a farkon 2023, in aka bi farashin gwamnati, kuɗin ya ninka masa sama da sau uku zuwa Fabrairun 2024 ba tare da an ƙara masa komai ba. Shago mai manyan injina da ayyuka da yawa a mako zai iya ɗauka, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mai yara shida da injin yanka ɗaya in ya saya don a ce shi ma ya waye, ya sayi babbar riga ne ba shi da wando.

Wasu kuma za su ce, ku bar mu da littafinmu, da shi iyayen gidanmu suka yi arziki. Muna girmama littafi. Littafin da ke da shafi ga kowane falle, da awon kowane guntu, ya fi manhaja goma da ba kowa ke shigar da komai cikinsu. Amma littafi a ofis yake kwana, yaron da ke wurin aiki a wata unguwa ba zai buɗe shi ba. Ba ya ɗaukar hoto. Ba ya tuna wa maigida cewa farashin da ya ba wani wata uku da suka wuce ya mutu, tunda dutsen daga waje yake zuwa kuma dala ta motsa. Mafi muni, a shaguna da yawa littafin gaskiya yana cikin kan mutum ɗaya ne. Ranar da ya kwanta ciwo ko ya buɗe nasa shagon, lissafi ya tafi da shi.

To yaya za a zaɓa? Alhaji, kada ka yarda a gwada maka da misalan da mai talla ya zo da su. Ɗauko ayyukanka 5 da suka wuce, ka tabbata har da wanda ya ɓaci. Fito da mai tallar fili, ka miƙa wa yaron da ke yanka wayarsa, ka ce shi zai shigar. A yanka falle ɗaya a cikin manhajar, ka ce ta nuna maka guntun da tsawonsa da faɗinsa da hotonsa. A sauya awon sinki, ka ga ko tsohon awon da sunan wanda ya sauya suna nan. A karɓi kafin alƙalami kashi biyu, ɗaya a hannu ɗaya ta banki, ka ga ko ta san saura nawa. A kashe data, ka ga ko aiki ya tsaya cak. Sannan ka yi tambayar da ba sa so: in na daina biya gobe, zan iya kwashe sunayen kwastomomina da lissafina zuwa Excel, ko kun riƙe su garkuwa? In yaron ya kasa gama aiki ɗaya cikin 'yan mintuna ba tare da an karɓi wayar daga hannunsa ba, ka sallami baƙonka da girma. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ku kuma samarinmu masu gina manhaja, da yawanku mun zauna aji ɗaya, mun san kuna da kai. Ku daina sauya wa manhajar kantin magani suna kuna kai wa masu dutse. Ku je ku yi mako guda a shago, takalmanku su jiƙe, ku ga yadda ake neman guntu a bayan falle goma. Wanda ya fara gina abin da ya san falle da guntu da awo, yana aiki a ƙaramar waya, ana biyan sa da naira, kasuwa na jiran sa.

Duk wanda ke da yaya, kawu ko maƙwabci a wannan sana'a, ya kai masa maganar nan kafin ya sa hannu a takarda. Masu ja kuma fili naku ne, a zo da hujja. Allah ya sa mu dace, ya tsare lafiyar masu nema da gumin goshinsu.